Za a kai mu liyafa a gonar inabi a Franschhoek, ni kuma bana shan giya, ya zanyi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kamfaninmu zai tura mu taro Cape Town a watan Fabrairu, a cikin tsarin da suka turo mana akwai liyafar dare a wani babban gidan abinci dake cikin gonar inabi a Franschhoek. Ni Musulmi ne bana shan giya kuma ban taɓa zuwa irin wajen nan ba. Akwai abinda zan iya ci kuwa? Me zan tarar a can? Ko dai in bada uzuri kawai in zauna a otal?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Girki ne sana'ata, kuma nayi aiki a kicin ɗin irin waɗannan gidajen a wannan yankin, dan haka bari in gaya maka yadda abin yake daga ciki, ta ɓangaren da baƙo baya gani.

Abu na farko da nake so ka riƙe, kofin giyar da kake tsoro shine mafi sauƙin lamarin gaba ɗaya. Kace baka sha, shikenan, weita zai kwashe kofunan gabanka babu wanda zai sake ɗago maganar, mutanen Afirka ta Kudu sun saba da Musulmi sosai musamman a yankin Cape. Inda matsalar take shine cikin tukunya, abinda aka riga aka zuba a romo da miya da kayan zaƙi tun kafin ka baro Najeriya ma wani lokacin, kuma baza ka gani da ido ba, sau da yawa ko a menu ba'a rubutawa.

Amma bari in fara baka hoton wajen dan kar ka je kana baƙunta. Franschhoek ƙaramin gari ne a cikin kwari, duwatsu sun zagaye shi ta ɓangare uku, wajen kilomita 75 daga Cape Town, tafiyar awa ɗaya da ɗan wani abu in ka bi N1 ka sauka R45. Faransawa 'yan Furotesta da suka gudo daga ƙasarsu saboda tsangwamar addini ne aka zaunar a wajen tun daga 1688, shi yasa zaka ga sunayen gonakin da yawa na Faransanci, La Motte, Haute Cabrière, Chamonix, Grande Provence. Maƙwabcinsa Stellenbosch ya girme shi, gwamna Simon van der Stel ya kafa shi a 1679, shi kuma giyar inabi an fara matse ta a Cape tun 1659. Kaga kenan sana'a ce ta sama da shekara ɗari uku, duk tattalin arzikin kwarin akanta yake tsaye. Kuma ka gane wani abu, yawancin waɗannan gidajen abincin gonar ce ta buɗe su dan ta tallata giyarta, abincin jan hankali ne ya kawo baƙi su ɗanɗana su saya su tafi da kwali kwali. Shi yasa shef idan zai tsara abinci yakan zauna da mai haɗa giyar gonar su duba wane abinci zai dace da wace kwalba. In ka fahimci wannan baza kayi mamakin yadda giya ta ratsa komai ba, ba wai dan a cuce ka bane, haka ginin yake tun daga tushe.

Fabrairu kuma da zakuje tsakiyar girbin inabi ne, daga ƙarshen Janairu har cikin Maris, lokacin zafi ne a can, rana tana duka sosai a kwarin, zakaga taraktoci suna jan akwatunan inabi tun asuba kuma iskar wajen har wani tsami tsami take. Lokacin cunkoson baƙi ne, kicin yana cike da aiki, wannan ma wani dalili ne da zaisa ka sanar dasu buƙatarka da wuri.

Toh me zaka tarar a tebur. Manyan gidajen irinsu La Petite Colombe a Franschhoek ko Rust en Vrede a Stellenbosch ko La Colombe can Constantia, galibi ba wai zaka buɗe menu ka zaɓi abinda ranka yake so bane, jerin abinci ne shef ya riga ya tsara, ƙananan faranti shida, takwas, wani wajen har goma da ɗoriya, ana kawowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne loma biyu uku ya ƙare. Za'a fara da 'yan ƙananan abubuwan buɗe baki, sai burodi da bota, sai abin teku, sai kifi, sai wani abu mai sanyi na wanke harshe, sai nama, sai kayan zaƙi, a ƙarshe 'yan cakulan tare da kofi ko shayi. Zaman yakan ci awa uku cur, wani lokacin ya wuce. Kar farantin farko ya tsorata ka kace yau da yunwa zan kwana, wallahi kafin a kai na bakwai zaka ji ka cika. Duk farantin da aka ajiye weita zai tsaya yayi bayanin abinda ke ciki, ka saurara da kyau a nan, kuma ba laifi bane ka tsayar dashi ka tambaya. Cokula da wuƙaƙe kar su dame ka, yawanci da kowane faranti ake kawo nasa, in kuma an jera su tun farko ka fara daga na waje kana shigowa ciki. Akwai kuma gidajen da basu da wannan tsaurin, kamar Babel dake gonar Babylonstoren inda mafi yawan abin da ake ci daga lambun gonar ake tsinkowa, ko Reuben's na Reuben Riffel wanda ɗan garin ne haifaffe ya buɗe wajensa a 2004, a irin waɗannan kai zaka zaɓa da kanka kuma ya fi sauƙi ga mutum irinka.

Yanzu mu shiga kicin, dan nan ne zan daɗe.

A kusan kowane irin wannan kicin akwai wata ƙatuwar tukunya a can ƙuryar murhu da bata sauka. Ƙasusuwan maraƙi ko na rago ake gasawa a oben sai sunyi ja sosai, a soya albasa da karas da seleri da ɗan tumatirin gwangwani, sannan a ɗauko jar giyar inabi, ba cokali ba fa, kwalabe, a tuttula a cikin tiren da aka gasa ƙashin dan ta kankare abinda ya kama a ƙasa, a juye duka a tukunya a cika da ruwa, ta kwana tana ɓararraka a hankali. Washegari a tace, a sake ɗorawa ana ƙonar da ruwan har sai tukunya guda ta dawo 'yar kaɗan, baƙi-baƙi mai sheƙi yana kama bayan cokali. Wannan romon shine ake ɗigawa a gefen naman da za'a kawo maka, kuma shine ake ɗiba a ƙara wa wasu miyoyin ƙarfi. To kaga in ka bari sai ka zauna a tebur sannan kace a cire maka giya daga abinci, ai babu abinda za'a cire, kamar daddawa ce a miyar kuka, in ta shiga ta shiga. Abinda kicin zai iya a lokacin shine ya kawo maka nama gaya babu romo, ko kuma wani yaro da aiki ya sha kansa yace maka babu komai a ciki dan shi a tunaninsa ta riga ta ƙone.

Wannan maganar ta cewa wuta tana ƙone barasa, ita ce zaka fi ji, kuma masu faɗa ba ƙarya suke nufi ba, haka aka koya musu. Amma ba haka bane gaba ɗaya. Alƙaluman da ma'aikatar noma ta Amurka take amfani dasu sun nuna abincin da aka zuba wa barasa aka kunna mata wuta ta tashi, kusan kashi 75 cikin ɗari na barasar yana nan, wanda aka dafa minti 15 saura kashi 40, awa ɗaya saura kashi 25, sai an kai awa biyu da rabi ne yake sauka zuwa wajen kashi 5. Romon da ya kwana a wuta tabbas abinda ya rage a ciki kaɗan ne ƙwarai, amma miyar bota da farar giya da ake yi wa kifi, minti nawa take a wuta? Ba ta daɗewa. Kuma mu a wajenmu ai ba maganar maye bace kawai, maganar an zuba ko ba'a zuba ba ce. Dan haka kar ka tambayi weita ko akwai barasa a abincin, zai ce babu. Ka tambaye shi ko anyi amfani da giya wajen dafawa, ko da kuwa ta ƙone. Tambayoyi biyu ne daban kuma amsarsu daban.

Sauran wuraren da take ɓuya, shinkafar Italiya da ake kira risoto da farar giya ake fara ta. Ƙumban teku da ake kawowa daga Saldanha galibi a farar giya ake turara su. Abin sanyin nan na wanke harshe a tsakiyar cin abinci sau da yawa da giya mai kumfa ake yinsa, wadda suke kira Cap Classique. Gidajen da suke ɗanɗanon girkin Japan suna amfani da abubuwan da ake kira mirin da sake a miyar da suke shafa wa kifi, su ma barasar shinkafa ce, kuma wannan ita shef ya fi mantawa da ita dan baya lissafa ta a giya. Kayan zaƙi kuwa sai a hankali, burandi, giyar kirim ta Amarula, 'ya'yan itacen da aka jiƙa a giya mai zaƙi, da cakulan ɗin ƙarshe da mutum zai jefa baki bayan ya saki jiki yana ganin an gama.

Sai alade. Shi ma ba a matsayin tsoka zai zo maka ba, wannan ai kowa zai gane. Kitsensa ake sawa a wani burodin ko a ƙullin fai, siririn yankansa mai gishiri ake naɗe kifi dashi, gutsattsarin tsiran alade ake soyawa a wake ko a miyar dankali dan ƙamshi. Ga kuma jelatin, wanda yake daskarar da kayan zaƙi masu rawa rawa da kirim, mafi yawan wanda manyan kicin suke amfani dashi na faifai daga fatar alade ake yi sai in an nemi na shanu ko na kifi musamman. Akwai madadinsa na tsiron teku, agar, kowane shef na kirki yana dashi a kanta. A wasu wuraren ma har naman gadu ake sawa a menu a matsayin naman daji, in kaji an ambaci warthog to shine.

Maganar yanka kuma, gaskiya kaji da yawa da naman rago da na shanu a Afirka ta Kudu daga mayankar da hukumomin halal suka tantance suke fitowa, akwai MJC da SANHA da NIHT masu bada shaida. Dan haka shef zai iya ce maka ragonsa na yankin Karoo halal ne kuma gaskiyarsa. Sai dai hukumomin nan basa baiwa gidan da ake sayar da giya takardar shaida, saboda haka babu gidan abincin gonar giya da zaka samu da ita. In ka ga an rubuta halaal friendly, ba shaida bace, ma'anarta kawai sun sayi naman daga inda aka tantance ko zasu yi ƙoƙari, amma kicin ɗaya ne, gasa ɗaya, man suya ɗaya. Naman daji irin barewar springbok da wata babbar dabba mai ƙaho da ake kira kudu kuwa yawanci harbi ake, ba kuma Musulmi ne ya harba da bisimilla ba, ni dai bana baiwa Musulmi shawarar ci.

Shawarata kai tsaye, ka nemi jerin kifi da ganye, babu nama kwata kwata. Kusan duk manyan gidajen suna da wannan jerin a shirye, da na masu cin ganye zalla, ba sabon abu zaka ƙirƙiro musu ba. Kuma ba asara kayi ba, ni a ganina ma abin teku shine ƙarfin yankin, kifin kingklip fari mai tsoka, yellowtail, kifin trout da ake kiwo a ruwan duwatsun Franschhoek ɗin kanta, kawa daga gaɓar yamma. Mu da muke bin mazhabar Malikiyya duk abin teku halal ne a wajenmu, dan haka ƙofa a buɗe take. Abinda zaka ƙara musu kawai shine babu giya a girkin, babu romon nama, babu jelatin.

Yadda zaka isar da saƙon shine mafi muhimmanci, kuma lokacinsa. Ka samu wanda yake shirya tafiyar a ofis ɗinku tun yanzu, dama gidan abincin zai tura masa tambaya ko akwai masu wata buƙata ta abinci, kar ka bari ya rubuta halal kawai ya wuce, wannan kalmar kowa da yadda yake fahimtarta, wani shef ɗin daga ya cire alade yana ganin ya gama. A rubuta dalla dalla: kifi da ganye kawai, babu nama ko romon nama, babu alade ko kitsensa ko jelatin, babu kowace irin barasa a cikin girki har da mirin da burandi ko da an dafa, har a kayan zaƙi. A tura aƙalla kwana uku kafin ranar, mako guda ya fi, ka kuma nemi su amsa a rubuce ta imel. Ranar kuma da ka zauna ka sake tuna wa weita a hankali.

Bari in gaya maka abinda yake faruwa da wannan saƙon in ya iso da wuri. Da yamma kafin a buɗe ƙofa ana tara ma'aikata a tsaye a bakin kantar da abinci yake fita, babban shef ya karanto teburan daren, tebur kaza kujera kaza baya cin kaza. A manna takarda a gaban kowane sashe. Mai miya tun da rana ya ware 'yar ƙaramar tukunya ya yi maka naka daban da romon kifi ko na ganye, inda za'a sa farar giya sai ya sa ruwan ɗanyen inabi, wanda ake kira verjus, inabi ne da bai nuna ba aka matse ba'a bari ya tsima ba, yana bada tsamin da ake nema kuma babu barasa a ciki, a gonar inabi kuwa ba wahalar samu yake ba. Mai kayan zaƙi ya yi maka naka da agar. In farantinka zai fita sai an kira lambar kujerarka da ƙarfi kafin weita ya ɗauka. Na sha ganin masu girki suna jin daɗin irin wannan aikin dan yana basu damar gwada wani abu, abinda yake ɓata musu rai shine a faɗa musu ƙarfe takwas na dare lokacin da tebur ashirin suke jira. Dan Allah kar kaji kunyar nema, mai larurar gyaɗa ko alkama baya jin kunya, kai ma kuɗi aka biya maka.

Abin sha kuma, da yawansu yanzu suna da jerin abin sha marar barasa da ake haɗawa da kowane faranti kamar yadda ake yi da giya, shayin rooibos mai sanyi, wanda a yankin Cederberg na ƙasar ake noma shi, da honeybush, da ganyen buchu, da ruwan inabi zalla, da ruwan tuffa. Wasu suna da daɗi ƙwarai. Abu biyu zaka kula dasu, kombucha shayi ne da aka tsima yana da ɗan burbushin barasa, sai kuma giyar da aka ce an cire mata barasa, asalinta giya ce aka yi sannan aka zare, kuma ana barin har rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Ni bana sha kuma bana baiwa kowa shawara. In kana son kwanciyar hankali ka tsaya a ruwa mai gas da Appletiser ko Grapetiser, wato ruwan tuffa ko na inabi mai gas, in aka zo ɗaga kofi ana taya murna kowa da abinda ke hannunsa yake ɗagawa, babu mai leƙa naka.

Yanzu ɓangaren tambayarka na ƙarshe, ko ka bada uzuri. Nan bazan ɓoye maka ba, ko an gyara abincin tsaf akwai sauran magana, domin akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito da yake hana mai imani zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma a wannan liyafar za'a zagaya da ita, kofi bayan kofi, daren ma dan ita aka shirya shi. Ni mai girki ne ba malami ba, hukuncin halinka na aiki da ko akwai lalura ko babu, ka kai wa malamin da ka yarda dashi ka faɗa masa yadda abin yake ba tare da ka rage ko ka ƙara ba. Abinda zan iya ce maka ta ɓangarena shine in ka yanke baza kaje ba, ba wani abin kunya bane a can, ka gaya wa mai shiryawa da wuri cikin mutunci dan kar a biya kuɗin kujerarka a banza, ba sai ka ƙirƙiro ciwon kai ba. Na ga waɗanda suke zuwa a zaga lambu da rana dasu a gaisa a ɗauki hoto sannan su koma kafin a zauna, na ga kuma inda Musulmin tawaga suka kai uku huɗu aka ware musu teburinsu babu giya a kai. Ka tambaya ko akwai wasu irinka a cikin tafiyar, da wuya a rasa, musamman in akwai ma'aikatan reshen Cape Town ko Durban.

In kuma zaka je, 'yan abubuwa ƙanana. A Fabrairu rana bata faɗuwa a can sai wajen bakwai da rabi zuwa takwas saura, kaga magariba zata same ka kana tebur, ka je da alwalarka da 'yar dardumar aljihu, ka gaya wa weita zaka fita minti goma su riƙe farantinka na gaba, wannan abu ne da ake yi kullum wa masu fita shan taba ma, kuma lambu ne ko'ina baza ka rasa wajen tsayuwa ba. Kaya, kaftaninka mai kyau da hula ya wadatar har ya yi yawa, ba'a tilasta kwat, amma ka riƙe wani abu mai ɗan kauri dan in dare yayi iskar dutse tana saukowa. Turare kar ka cika, a irin wajen nan ƙamshin abinci ake so a ji kuma tebura kusa suke da juna. Mota kuma ka tabbatar akwai wadda zata dawo daku, samun Uber a cikin gona ƙarfe sha ɗaya na dare ba tabbas, kuma kar ka shiga motar abokin aikin da ya sha ko da yace kofi biyu ne, hanyoyin akwai duhu da kwana kwana musamman hanyar dutse ta Helshoogte in ta Stellenbosch zaku bi. In wata rana da kuɗinka zaka je da iyali, ka sani a manyan gidajen kuɗin mutum ɗaya yakan kai rand dubu biyu ko sama da haka banda abin sha, ana kama tebur makonni kafin lokaci ta intanet, yawanci ta Dineplan, kuma sai ka bada kafin alƙalami. Lokacin sanyinsu, Yuni zuwa Agusta, da yawa suna rage farashi. Kar ka ɓata lokaci neman taurarin Michelin, lambar yabon gidajen abinci ta duniya, a ƙasar, su lambobin yabon Eat Out suke kallo.

Tukuici kashi 10 zuwa 15 ne a al'adarsu, in taro ne mai yawa ana sawa a cikin bil. A nan ina so in ɗan tsaya, dan abin yana raina. Waɗanda zasu ɗauko maka faranti da waɗanda suke wanke-wanke a baya da masu tsinkar inabin da zaka gani a rana, da yawansu jikokin bayin da aka kawo ne suka gina waɗannan fararen gidajen masu kyau. An soke bauta a Cape a 1834 amma sai 1838 aka sake su da gaske, garin Pniël da ke hanyar Stellenbosch zuwa Franschhoek 'yantattun bayi ne suka zauna a cikinsa tun 1843. Bayan haka aka daɗe ana biyan leburorin gona wani ɓangare na ladansu da giya, tsarin da suke kira dop, an haramta shi a doka tun wajen 1960 amma bai mutu ba sai can cikin shekarun 1990, kuma har yau yankin yana fama da yaran da ake haifa da nakasa saboda shan iyaye mata. A 2012 leburorin gonakin De Doorns suka yi yajin aiki lokacin ana biyansu rand 69 a rana, suna neman 150, aka ƙare a 105. Nayi aiki kafaɗa da kafaɗa da 'ya'yan waɗannan gidajen, mutane ne masu haƙuri da iya aiki, wasu sai sun hau mota biyu kafin su iso kuma sune na ƙarshen tashi. In weita ya kula da kai da kyau, ya je kicin sau uku yana tabbatar maka da abinda ke faranti, ka damƙa masa wani abu a hannu ko da kamfani ya biya bil, ka kuma kira sunansa ka gode masa.

Cikin waɗancan bayin da waɗanda Holand ta koro daga tsibiran Indunusiya akwai Musulmi da yawa, kuma su suka kafa Musulunci a ƙasar. Shehu Yusuf na Makassar an kawo shi Cape a 1694 aka ajiye shi a gonar Zandvliet, ya rasu a 1699, ƙabarinsa yana unguwar da yanzu ake kira Macassar kusa da Somerset West, ba nisa da gonakin Stellenbosch. A cikin Stellenbosch ɗin kanta akwai tsohon masallaci a tsakiyar gari in Juma'a ta same ka a can, Paarl ma akwai.

Kuma ka ware rabin yini ka hau Bo-Kaap a cikin Cape Town, unguwar nan mai gidaje kala kala a gindin dutse, nan Masallacin Auwal yake a titin Dorp, wanda aka kafa a 1794, shine na farko a ƙasar. A nan zaka ci naman da ka haƙura dashi a gona hankalinka kwance, akwai Biesmiellah da ya daɗe yana ciyar da mutane. Ka nemi denningvleis, naman rago ne da aka dafa da tsamiya har ya yi laushi, ka nemi bredie na tumatir, wato miyar nama, da bobotie wanda niƙaƙƙen nama ne da garin kori aka rufe da ƙwai da madara aka gasa, ana ci da shinkafa mai kurkum. In safiyar Lahadi ce ka tambayi inda ake sayar da koesister, soyayyen ƙulli ne mai kirfa da citta da aka tsoma a ruwan sukari aka barbaɗa kwakwa, ka je da wuri dan kafin hantsi ya ƙare.